Yaron Da Ya Ɗauki Magana Yadda Aka Faɗe Ta

Da ƙarfe 12:07 na dare wani yaro ya hango karen maƙwabciyarsu kwance a kan ciyawar ƙofar gida, an soke shi da ƙarfen nan mai yatsu da ake tonon lambu da shi. Nan labarin ya fara, nan kuma barcina ya ƙare a daren da na buɗe littafin. Na ce bari in ɗan leƙa babi biyu kafin in kwanta, sai ga shi kiran assalatu ya same ni ina riƙe da shi, idanuna sun yi jawur, zuciyata cike. Tun daga ranar na sake karanta shi sau uku, na ara wa mutum huɗu, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni na minti goma sai ya ji labarinsa. Yau ku ne na samu, don haka ku gyara zama.

Littafin shi ne The Curious Incident of the Dog in the Night-Time, wanda da Hausa za mu iya ce masa "Abin Mamakin Da Ya Faru Da Kare Cikin Dare". Marubucinsa Mark Haddon, Baturen Ingila da aka haifa a Northampton a 1962, ya daɗe yana rubuta littattafan yara yana kuma yi musu zane kafin ya fitar da wannan a 2003. An buga shi kashi biyu a lokaci guda, bugu ɗaya na manya, ɗaya na matasa, alhali labarin ciki ɗaya ne, sai bango da ya bambanta. Ya lashe kyautar Whitbread ta gwarzon littafin wannan shekarar, ya kuma karɓi kyautar jaridar Guardian ta ƙagaggun labaran yara. Wallahi ya cancanci duka, har da ƙari.

Tauraron labarin, wanda kuma shi ne mai ba da shi da bakinsa, sunansa Kiristofa Boone. Shekararsa 15 da wata 3 da kwana 2, haka ya gaya wa ɗan sanda da aka tambaye shi, domin a wurinsa "sha biyar" kawai ba cikakkiyar amsa ba ce. Yana zaune da mahaifinsa Ed, mai gyaran na'urorin ɗumama gida, a garin Swindon. Ya san sunan kowace ƙasa ta duniya da babban birninta. Ya haddace lambobin nan da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, har zuwa 7,057. Saboda ƙaunarsa gare su ne ma babobin littafin ba su bi 1, 2, 3 ba: babi na farko lambarsa 2, sai 3, sai 5, sai 7, sai 11, a haka har 233. Ba ya son launin rawaya da ruwan ƙasa, yana son ja. In motar makarantarsu ta wuce jajayen motoci 4 a jere, ranar mai kyau ce. In rawaya 4 ne, baƙar rana ce, ba zai yi wa kowa magana ba. Ba ya jure a taɓa shi. Da ɗan sandan ya kama masa hannu a daren nan, sai ya kai masa duka, aka tafi da shi caji ofis.

Karen sunansa Wellington, na wata maƙwabciya ce Misis Shears. Mai karatu ya tuna cewa a Ingila kare ɗan gida ne, ana kwana da shi a ɗaki, ana kuka in ya mutu. Kiristofa kuwa karnuka sun fi masa mutane sauƙin fahimta, domin kare ba ya magana, saboda haka ba ya ƙarya. Sai ya ƙudura sai ya gano wanda ya yi kisan, kamar gwaninsa Sherlock Holmes, kuma malamarsa Siobhan ta ƙarfafa masa gwiwa ya rubuta binciken a littafi. Littafin da ya rubuta ɗin shi ne a hannunmu. Sunan ma daga wani gajeren labarin Holmes aka ɗauko shi, "Silver Blaze", wanda Arthur Conan Doyle ya fitar a 1892, inda aka sace doki cikin dare amma karen barga bai yi haushi ba, saboda ya san wanda ya shigo. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Jigon da ya fi kama ni shi ne yadda yaron nan yake ɗaukar magana a kan fuskarta. Abin da kalma ta ce, shi ta ce. In aka ce masa ya yi shiru, abin da ke damunsa shi ne ba a faɗi tsawon lokacin ba. In ya ga allo ya hana taka ciyawa, sai ya tambayi kansa wace ciyawa ake nufi, tunda duniya cike take da ciyawar da aka yarda a taka. A caji ofis aka tambaye shi ko da gangan ya bugi ɗan sanda, tambayar da kowa ya san amsar da ake so a ba ta don a rufe magana, sai ya ce e, da gangan ne. Sai da aka sake tsara tambayar, aka ce ko ya yi niyyar ji masa ciwo, sannan ya ce a'a. Na yi dariya a wurin nan, dariyar kuma ta maƙale mini a wuya, domin a ɗakin nan kaf shi kaɗai ne ya amsa abin da aka tambaya.

Akwai wani babi da ya yi magana a kan adon harshe, wanda na so a ce kowane ɗalibin adabi ya karanta. Kiristofa ya raba kamantawa da siffantawa. In ka ce wani abu kamar wani abu yake, ya yarda, matuƙar kaman na gaskiya ne. Amma in ka ce wannan abu shi ne wancan alhali ba shi ba ne, to a wurinsa ka yi ƙarya, ko da kuwa malamai sun ba ƙaryar suna mai daɗi. Har sunansa bai tsira ba: an gaya masa asalinsa da ma'anarsa a harshen Girka, sai ya ce shi yana son sunansa ya nufi shi kansa kawai.

A nan ne na ajiye littafin na shiga tunanin harshenmu. Mu Hausawa da karkatacciyar magana muke ado. Muna shan iska, muna cin kasuwa, muna kashe aure, muna yanke ƙauna. Mutum ya rasu mu ce ya riga mu gidan gaskiya. Mara lafiya yana nishi a kan tabarma, ka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Baƙo yana jin yunwa a kawo abinci ya ce alhamdu lillahi, kuma mai gida ya san sai ya matsa masa sau biyu kafin ya sa hannu. Ga habaici, ga zambo, ga gugar zana, ga kara da kunya da suke hana mutum faɗin abin da ke ransa kai tsaye. Ina alfahari da wannan arziki, da shi nake rubutu. Amma sai da na karanta Kiristofa na tambayi kaina: yaron da aka haifa a cikinmu, wanda Allah bai ba shi kunnen jin abin da ke bayan magana ba, yaya rayuwa take masa? Kullum yana tsakiyar zancen da kowa ya gane sai shi. Ya faɗi gaskiya a ce ba shi da kunya, ya yi shiru a ce girman kai ne, ya ƙi haɗa ido a ce bai iya gaisuwa ba. Ban taɓa tsayawa na dubi abin ta wajensa ba sai da wani Bature ya sa ni a cikin kan wani yaro na Swindon.

Gwanintar Haddon tana cikin salo. Jimlolin gajeru ne, a miƙe, yawancinsu da "kuma" ko "sannan" suke farawa, kamar rahoton da ɗan makaranta ya rubuta. Akwai taswirori, da zane-zane, da jadawali, da lissafi a tsakiyar labari. Akwai babi guda a kan tambayar nan ta Monty Hall, ta ƙofofi uku da mota da awaki, wadda Marilyn vos Savant ta amsa daidai a mujallar Parade a 1990 amma masana lissafi da yawa suka rubuto suna cewa ta yi kuskure. Da farko za ka ɗauka yaron ya kauce daga hanya ne. Sai daga baya ka lura cewa duk lokacin da duniyar mutane ta yi masa zafi, babin da ke biye sai ya gudu zuwa lambobi ko taurari. Lissafi ne ɗakin da yake shiga ya rufo ƙofa. Kiristofa bai taɓa cewa zuciyarsa ta karye ba, ba shi da wannan kalma, kuma da ya ji ta da ya ce zuciya tsoka ce, ba ta karyewa. Sai dai ya ce maka cikinsa ya yi ciwo, ko ya kifa goshi a ƙasa yana gurnani, ko ya yi ta ninka 2 sau 2 a ransa har lambar ta yi tsawo. Kai mai karatu kai ne za ka ji ciwon a madadinsa. Wannan dabara ta fi ƙarfin yabona.

Haka kuma yake da fuskoki. Siobhan ta zana masa fuska mai murmushi da mai baƙin ciki, ya gane su. Da ta zana sauran, masu ɗaga gira da masu karkata baki, ya rasa. Don haka idan ya kwatanta mana mahaifinsa zaune a falo da tsakar dare hawaye na zuba, sai ya ɗauka mutuwar karen ce ta sa shi baƙin ciki. Shi yana kawo rahoto, mu muna karanta abin da bai gani ba. Littafin gaba ɗaya a kan wannan tazara aka gina shi, tsakanin abin da yaro ya faɗa da abin da babba ya fahimta, kuma a cikin tazarar nan duk dariya da kukan suke.

Daga nan zan taɓo sirrin labarin, domin ba yadda za a yi a warware jigon ba tare da shi ba. Wanda yake son ya tarar da abin da kansa, ya dakata a nan, ya dawo bayan ya karanta littafin.

An gaya wa Kiristofa cewa mahaifiyarsa Judy ta mutu shekara 2 da suka wuce, ciwon zuciya ya kashe ta a asibiti. Ya yarda, domin mahaifinsa ne ya faɗa. Har katin fatan samun sauƙi ya yi mata da hoton jajayen motoci, ya ba uban ya kai. Binciken kare ya kai shi wurin wata dattijuwa, Misis Alexander, wadda ta gaya masa cewa akwai wani abu tsakanin mahaifiyarsa da mijin Misis Shears. Uban ya ga littafin binciken, ya fusata, ya ƙwace. Wajen neman littafin ne yaron ya ci karo da wani kwali a ɗakin uban, cike da wasiƙu 43 masu ɗauke da sunansa, da rubutun hannun uwarsa, da tambarin gidan waya na bayan ranar da aka ce ta mutu. Tana raye. Tana Landan, a unguwar Willesden, tare da Mista Shears. Duk tsawon lokacin nan tana rubuto masa wasiƙa, ba amsa.

Wasiƙun nan su ne suka sa ni kuka. A karon farko muka ji wata murya da ba ta Kiristofa ba, muryar mace mai kuskuren rubutu, mai saurin fushi, wadda ta gaji, ta ga kamar ɗanta ya fi samun natsuwa a hannun ubansa, ta yanke cewa gidan zai fi zama lafiya in ba ta ciki. Ba ta wanke kanta ba, Haddon ma bai wanke ta ba, amma bai bar mu mu tsane ta ba. Shi kuwa yaron da ya gama karantawa sai ya yi amai a kan gado ya kwanta ya daina motsi. Uban ya shigo, ya ga abin da ya faru, ya yi masa wanka, ya yi alkawarin daga yau sai gaskiya, kuma don ya cika alkawarin ya faɗi ta biyun: shi ne ya kashe Wellington, cikin fushi, bayan ya yi cacar baki da Misis Shears. Kun tuna karen da bai yi haushi ba saboda ya san mai shigowa? Mai laifin na gida ne.

Ed ya zaci gaskiyar za ta dawo masa da ɗansa. Amma tunanin Kiristofa a miƙe yake kamar layin dogo: wanda ya kashe kare zai iya kashe mutum, wanda ya yi ƙarya sau ɗaya ba a san ranar da yake faɗin gaskiya ba. Ya ɗauki Toby, ɓeran da yake kiwo, da 'yar wuƙarsa ta aljihu, ya kwana a bayan rumfar lambu, da safe ya kama hanyar Landan.

Tafiyar Swindon zuwa tashar Paddington ta Landan kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, mutane na yin ta kullum suna karanta jarida. Amma ban taɓa karanta tafiyar da ta tsinka mini zuciya kamarta ba. Kiristofa yana ganin komai. Inda ni da kai za mu dubi fili mu ce ga shanu, shi zai ƙirga su, ya san nawa ne baƙi da fari, nawa ne ja da fari, ya ga ledar da ta maƙale a shinge. Ka kai irin wannan ƙwaƙwalwa cikin tasha mai allunan talla ɗari da dubban baƙin fuskoki. Haddon ya cakuɗa rubutun allunan a kan shafi har haruffan suka dagule, idonka ya ɗanɗana abin da kansa ke ji. Ya ɓuya a ma'ajiyar kaya a cikin jirgi. Ya zauna sa'o'i a kan benci a tashar ƙarƙashin ƙasa, idonsa a rufe, kafin ya gano cewa jiragen suna zuwa ne bisa tsari, kuma duk abin da ke da tsari zai iya da shi. Ya sauka kan layin dogo don ya kamo Toby, saura ƙiris jirgi ya bi ta kansa. Na sha karanta labaran jarumai masu takobi, amma ban ga jarumtar da ta kai ta yaron nan da ya sayi tikiti da kansa ba.

Sai jigo na biyu, wato yankewa daga mutane, kuma a nan ne na ga zurfin littafin. Da farko za ka rantse Kiristofa ne kaɗai a keɓe. Burinsa ya zama ɗan sama jannati, shi ɗaya a cikin kumbo. Mafarkin da ya fi so shi ne wata cuta ta share mutanen duniya ta bar irinsa kawai, ya yi yawo a tituna ba mai taɓa shi ba mai yi masa tambaya. Amma ka juya ka dubi manyan. Su ne suka iya karanta fuska, suka iya barkwanci, suka iya sakaya zance. Me duk wannan ya amfana musu? Miji da mata sun kasa zama su ce mun gaji, muna neman taimako. Uba ya ga ya fi masa sauƙi ya ce matarsa ta mutu da ya ce ta tafi. Maƙwabta sun san abin da ke faruwa, kowa ya ja bakinsa. Kowane babba a unguwar nan yana cikin nasa kumbon. Yaron da ake cewa bai iya hulɗa da jama'a ba, shi ne ya bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya, kuma tambayarsa ce ta fasa ƙurjin da ya daɗe yana ruruwa. Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A nan wanda ya kai ƙarshen ramin yaro ne da bai ma san akwai rami ba.

Duk da haka ina ƙaunar Ed, kuma wannan ma aikin Haddon ne. Mutumin nan shi ya zauna. Shi yake dafa abincin da launinsa ba zai tayar wa yaron hankali ba, ya tabbatar wani bai taɓa wani a faranti ba. Shi ya je makaranta ya tsaya kai da fata sai an bar ɗansa ya zauna babbar jarrabawar lissafi ta A-level, abin da ba a taɓa yi a makarantar ba. Kuma akwai wata alama da iyayen suka ƙirƙiro tunda ba ya yarda a rungume shi: su ɗaga hannu su ware yatsu, shi ma ya ware nasa, yatsu su taɓa yatsu. Ita ke nan rungumarsu. Duk inda hannun nan ya bayyana a littafin sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro, musamman a wurin da aka miƙa shi, yaron ya ƙi miƙa nasa.

Akwai abin da ya dace mai karatu ya sani. Kalmar otizim, abin da wasu kafafen yaɗa labaranmu ke kira galahanga, ba ta fito a cikin labarin ba. A bangon wasu bugu ne aka ambaci larurar Asperger, kuma Haddon ya sha bayyana cewa shi ba masani ba ne a fannin, littafinsa a kan zama daban ne da ganin duniya daga gefe. Wasu masu larurar sun ce Kiristofa bai wakilce su ba, kuma suna da gaskiyarsu: mutum ɗaya ne, kada a mai da shi ma'auni. Haka nan manyan cikin littafin suna ashar in ransu ya ɓaci, yaron kuma yana kawo ta yadda ya ji ta, sannan yana da ra'ayoyi a kan addini da lahira da ba namu ba ne. Iyaye su fara karantawa kafin su miƙa wa yara. Wannan bai rage mini ƙaunar littafin ba ko ƙwayar zarra.

Labarin ya ƙetare takarda. Simon Stephens ya mai da shi wasan kwaikwayo, aka fara nuna shi a babban gidan wasan ƙasa na Landan a 2012 ƙarƙashin jagorancin Marianne Elliott, ya kwashe kyaututtukan Olivier 7 a 2013, sannan ya karɓi Tony 5 a Amurka a 2015. Amma ni shawarata a fara da littafin, domin Turancinsa mai sauƙi ne, ɗan sakandare zai iya, kuma muryar yaron a kan shafi take da cikakken ƙarfinta.

Ƙarshensa bai yi mana ƙarya ba, da ya yi kuwa da ya ci amanar tauraronsa. Auren bai gyaru ba. Uwa da ɗa sun koma Swindon, suna zaune a ɗaki ɗaya na haya. Toby ya mutu. Kiristofa ya zauna jarrabawarsa a gajiye, ba barci ba abinci, ya fito da sakamako mafi girma, har ya liƙa mana amsar tambaya ɗaya a ƙarshen littafin don mu duba da kanmu. Ed kuma ya zo da agogon kicin mai ƙararrawa, ya roƙi ɗansa minti 5 kawai na magana, gobe a ƙara kaɗan, jibi a ƙara, komai daɗewar da abin zai yi. Ya kawo masa ɗan kwikwiyo, yaron ya sa masa suna Sandy. Mutumin da ya yi shekara 2 yana ɓoye gaskiya ya koyi yaren ɗansa: lokaci ƙayyadadde, magana a fili, alkawarin da za a iya aunawa.

Tun da na rufe littafin nan na canja yadda nake yi wa yara magana. In na ce ina zuwa, sai in faɗi yaushe. In yaro ya tsaya yana kallona bayan na yi masa karin magana, ba na cewa ba ya ji, sai in sake faɗa a miƙe. Ku nemi littafin nan, don Allah, ku karanta, ku ba malamin makarantar da kuka sani, ku ba uwar da take da yaron da unguwa ta kasa gane kansa. Idan kun kai wurin agogon kicin ɗin, ku ajiye littafin, ku je ku nemi wanda kuka daɗe kuna yi wa kwana-kwana, ku roƙe shi minti 5.